Sakamakon "Babu Kansa" da Hannun da Ya Soka Allurar

Idan takarda ta fito daga ɗakin gwaji an rubuta cewa ba a ga ƙwayoyin kansa a samfurin da aka kawo ba, abin da iyalan mara lafiya ke ji shi ne babu kansa. Sai a yi hamdala, a buga waya gida, wani ma ya fitar da sadaka. Alhali takardar magana ta yi a kan ɗan abin da allura ta ɗebo, wanda sau da yawa bai kai ƙwayar shinkafa ba, daga cikin ƙari mai girman goro ko ƙwan kaza. Ko ɗan abin nan ya wakilci ƙarin ko bai wakilta ba, wannan yana wuyan wanda ya riƙe allurar. Shi ya sa nake ganin duk asibitin da ke yin wannan gwaji wajibi ne ya san sau nawa kowane likitansa ke dacewa, ya rubuta, kuma ya iya faɗa wa mara lafiya idan ya tambaya.

Gwajin da nake magana a kai shi ne wanda likitoci ke kira EUS. Na'urar leƙa ciki ce, doguwa mai lanƙwasa, ana zura ta ta baki har tumbi da farkon ƙaramin hanji, a bakinta kuma akwai ɗan kan sikanin. Da yake fankiriyas, wato gaɓar nan da ke samar da insulin da ruwan narka abinci, kwance take a bayan tumbi, sikanin daga ciki yana nuna ta kusa-kusa, ba tare da kitse da iskar hanji sun tare ba. Idan aka ga ƙari, sai a turo siririyar allura ta cikin na'urar, ta huda bangon tumbi ko na hanji ta shiga ƙarin, likita yana kallonta a allo. Peter Vilmann da abokan aikinsa a Denmark ne suka fara bayar da rahoton yin haka a fankiriyas a 1992. Yau da ita ake ɗebo samfur daga kaluluwar ƙirji da ta ciki, da ƙarin da ke ƙarƙashin fatar tumbi, da ɓangaren hagu na hanta, amma a fankiriyas aka fi dogara da ita, kuma a nan ne kuskure ya fi tsada.

Wani nazari da aka buga a 2012, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya nuna cewa gwajin yana kama kansar fankiriyas a kashi 85 cikin 100 na masu ita, kuma idan babu ita yana faɗin gaskiya a kashi 98 cikin 100. Ma'anar wannan a aikace ita ce idan allura ta ce akwai kansa, to kusan tabbas akwai. Idan ta ce babu, da sauran magana, domin cikin kowane mutum bakwai masu kansar, ɗaya zai tafi gida da takardar da ba ta nuna ta ba. Kuma waɗannan alƙaluma yawancinsu daga manyan cibiyoyi suka fito, inda ake yin aikin kullum.

A hannun sabon shiga lissafin ya sha bamban. A 2004 Mertz da Gautam a Amurka sun bi diddigin aikin likita guda tun daga farawarsa, suka kasa marasa lafiyar goma-goma. A goman farko ya kama kansar a rabinsu ne kawai, a na biyu ma bai kai rabi ba, sai bayan ya wuce mutum 30 ya riƙa kai kashi 80 zuwa 90. Kafin su, a 2002, Harewood da abokansa a asibitin Mayo Clinic na Amurka sun nuna cewa dacewar likitocin da suka fara aikin ta tashi daga kashi 33 zuwa kashi 91 cikin 100 bayan an haɗa su da gwani ya tsaya a kansu, kuma yawancin kurakuran farko daga rashin isasshen samfur suka zo. Binciken biyu ƙanana ne, tsofaffi ne, allurar lokacin ma ba ta kai ta yau ba. Duk da haka kowa da ya taɓa tsayawa a ɗakin ya san abin da suka nuna gaskiya ne, domin ana ganin inda aikin ke lalacewa da ido.

Wahalar farko tun kafin a fito da allura take. Bakin na'urar kaurinsa ya kai milimita 14 ko ya ɗan haura, yana da tauri, kuma idonsa a karkace yake kallo, don haka wuce maƙogwaro da shiga kwanar hanji rabi da gani ne rabi da ji a hannu. Idan ƙarin yana jiki ko wutsiyar fankiriyas, ta tumbi ake sokawa, na'urar tana miƙe, aikin da sauƙi. Idan yana ɓangaren da ake kira kai, wato wanda ke manne da hanji, sai an shiga farkon hanji. Mafi wuya shi ne wanda ke cikin lungun nan mai kama da ƙugiya a ƙasan kan fankiriyas, domin sai an gangara kashi na biyu na hanjin, an janyo na'urar ta gajarta, an murɗa ta, sannan a riƙe ta a haka da hannun dama da ƙugu da kafaɗa har a gama. Da an ɗan saki, sai ta zame ta koma tumbi. Mai koyo yakan ga ƙarin sarai, ya sa hannu zai buɗe allura, ya ɗago kai ya tarar hoton ya ɓace. Wani kuma don tsoron kada ya ɓace sai ya soka daga inda yake, ko da kusurwar ba ta yi ba, allura ta goge gefen ƙarin ta ɗebo lafiyayyen nama.

Zaɓin allurar ma yana bin wurin. Kala uku aka fi amfani da su, lamba 19 da 22 da 25, kuma yadda lambar ke ƙaruwa haka allurar ke sirancewa: mai lamba 19 ta ɗan haura milimita ɗaya, mai lamba 25 kusan rabin milimita ce. Mai kaurin tana ɗebo nama da yawa, sai dai idan na'urar ta lanƙwashe a cikin hanji ba ta son fita, kuma taurinta yana miƙar da bakin na'urar ya kawar da ƙarin daga hanya. Wanda ya tilasta ta yana iya yaga bututun cikin na'urar, gyaran da ba a yinsa da arha kuma ba a yinsa a kusa. Wanda ya san aikin yakan sassauta makullan na'urar, ya ɗan miƙar da ita, ya zura allurar ya ɗaure, sannan ya koma matsayinsa. Kafin ya soka kuma sai ya kunna launin da ke nuna gudun jini, domin jijiyar saifa da ta hanta da wadda ke bi tsakanin hanji da kan fankiriyas duk a unguwar suke.

Sai babbar magana, wato ina za a soka a cikin ƙarin. Dillalin hatsi a Dawanau idan zai duba buhu da ƙarfen nan mai kogo, ba ya tsayawa a bakin buhun, domin ya san mai algus a sama yake zuba mai kyau. Sai ya soka ƙasa, ya soka tsakiya, ya soka gefe. Kansar fankiriyas ma ba ɗaya take ba daga gefe zuwa gefe. Idan ta girma tsakiyarta yakan mutu saboda jini ba ya isa can, allurar da ta nufi tsakiya sai ta dawo da ruɓaɓɓen nama wanda babu abin karantawa a ciki. Gefenta kuma cike yake da kumburi da tabo mai tauri, ƙwayoyin kansar a warwatse suke jefi-jefi a cikinsa. Mai koyo hankalinsa ya fi kwanciya da tsakiya, nan ne fili, nan ne ba a tsoron jijiya. Ya soka sau biyar a kan hanya ɗaya, kowace suka tana bin ramin da ta farko ta haƙa, daga ta biyu zuwa sama jini ne kawai ke cika allurar. Dabarar da gwanaye ke bi ita ce a soka sau ɗaya amma a riƙa sauya alƙiblar allurar a cikin ƙarin kamar buɗe mafici, wuri huɗu, kowane wuri kai da komowa kamar sau huɗu, ana amfani da babban makullin na'urar da ɗan harshen ƙarfen da ke ɗaga allura. Gwajin da aka buga a 2013 ya nuna wannan yana rage yawan sukar da ake buƙata kafin a samu amsa. Faɗinsa da baki minti ɗaya ne. Yinsa a cikin hanji, mara lafiya yana numfashi, ƙarin yana sama yana ƙasa, shi ne ke cin watanni.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a cika rubutawa a rahoto ba amma su ne ke raba samfur mai kyau da shara. A cikin allurar akwai siririyar waya, wasu suna janye ta a hankali yayin da suke kai da komowa, wasu suna cire ta su haɗa sirinji mai mililita 10 ko 20 ya tsotsa. Tsotso yana ƙara yawan abin da ake samu, yana kuma ƙara jini, don haka a kaluluwa ko ƙari mai yawan jijiyoyi rage shi ya fi. Kafin a zare allura daga ƙarin dole a rufe tsotson. Wanda ya manta, allurar za ta shaƙi fatar tumbi ko ta hanji a hanyar fitowa, ta watsa samfurin cikin sirinji. Wannan fatar tana da ƙwayoyi masu fitar da majina, kuma a ƙarƙashin madubin likita suna iya kama da wani nau'in ƙarin fankiriyas, ko su cika gilashin har a ɗauka an samu isasshen samfur mara cuta. Saboda haka rubuta wa likitan ɗakin gwaji ta inda allura ta bi, tumbi ne ko hanji, yana cikin aikin.

Shafa samfurin a gilashi shi ma sana'a ce. Ɗigo ɗaya ake sawa, a ɗora wani gilashin a ja a hankali. In ya yi kauri ƙwayoyin sun hau kan juna, in aka danne da ƙarfi sun farfashe. Wanda za a tsoma a sinadarin alkwahol mai ƙarfin kashi 95 sai a tsoma shi nan take kafin ya sha iska, sauran kuma a bar su su bushe don wani rinin daban, guntun nama mai kama da zare a sa shi a fomalin, ruwan da ke adana nama. Likita yana iya yin suka mai kyau, ma'aikacin da ke gefensa ya ɓata ta cikin daƙiƙa goma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙwarewar da ake magana ta ɗakin ce gaba ɗaya. Inda hali ya yi, masanin ƙwayoyin halitta yana zama a ɗakin da madubinsa, ya duba sukar farko nan take ya ce ta isa ko a ƙara. Ga gwani wannan taimako ne. Ga mai koyo kuwa makaranta ce, domin yana ganin sakamakon hannunsa cikin minti biyar maimakon bayan mako biyu, lokacin da ya riga ya manta ta wace kusurwa ya shiga.

Inda na fi ganin bambanci shi ne fankiriyas da ta daɗe tana kumburi. Ta yi tabo, ta yi tsakuwa, hoton ya zama dabbare-dabbare, ba a gane inda ƙari ya fara da inda ya ƙare. Varadarajulu da abokansa sun nuna a 2005 cewa a irin waɗannan marasa lafiya kamun kansa ya sauka zuwa kusan kashi 74 cikin 100, alhali a waɗanda ba su da kumburin ya haura kashi 90, kuma wannan a hannun gwanaye ne. Haka nan idan mai ciwon shawara ya zo an riga an sa masa ɗan bututu a hanyar ruwan madaciya, bututun yana jefa inuwa a hoton yana kuma jawo kumburi kewaye da shi. Wanda ya san aikin yana roƙon a bar shi ya yi sikanin da suka kafin a sa bututun, matuƙar jinkirin ba zai cutar ba.

Akwai kuma ƙwarewar da ba ta hannu ba ce, ta tunani ce: sanin abin da ake nema tun kafin a soka. Ba kowane dunƙule a fankiriyas ne kansa ba. Akwai kumburin da garkuwar jiki ke jawowa wanda magani ke narkar da shi. Akwai kansar kaluluwa, wadda maganinta daban ne kuma tana buƙatar guntun nama da gwaji na musamman. Ga mu nan kuwa akwai tarin fuka. Najeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya, kuma tana kama kaluluwar ciki, wani lokaci fankiriyas ɗin kanta, ta fito a hoto tamkar kansa, ga rama, ga rashin cin abinci. Idan likita ya zuba duk abin da ya ɗebo a fomalin, ya kashe ƙwayar cutar, ba za a iya shuka ta a ɗakin gwaji don a gano ta ba. Sai ya ware suka guda a ruwan gishirin asibiti, a kai gwajin GeneXpert mai gano tarin fuka da na shuka. Wanda ya koyi aikin a ƙasar da tarin fuka ya yi ƙaranci, aka sallame shi bayan 'yan makonni, wannan tunanin ba lallai ya zo masa ba, kuma sakamakon shi ne a ce wa mai cutar da wata shida na magani ke warkarwa ya koma gida ya jira kwanansa.

Za a ce mini sababbin allurai sun rage wannan tazara. Gaskiya ne, sun rage. Masu baki mai kaifi uku irin su Acquire, da masu baki kamar cokali mai yatsu irin su SharkCore, suna yanko zaren nama maimakon tsotso ƙwayoyi, har ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Turai ta ce a 2017 idan babu mai dubawa a ɗakin, suka 2 zuwa 3 da irin wannan allura sun wadatar, a maimakon 3 zuwa 4 da tsohuwar. Likita yana iya duba farin zaren da idonsa, in ya kai milimita 4 akwai kyakkyawan zaton ya isa. Amma allurar tana yanko abin da aka kai ta ne. In aka kai ta mataccen nama, mataccen nama za ta kawo, sai dai da yawa. Ba ta nemo ƙari mai milimita 12 da ya ɓuya a lungun ƙugiya, ba ta riƙe na'ura a cikin hanji, ba ta tuna wa kowa tarin fuka.

Za a kuma ce kowane gwani da koyo ya fara, in aka hana sabo taɓa allura yaushe zai iya. Wannan ma gaskiya ne, kuma ban ce a hana ba. Abin da na ƙi shi ne ya koya shi kaɗai a kan mutane, babu wanda ke tsaye a bayansa, babu wanda ke ƙirga. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta ce a 2001 sai an yi gwaji 150 a gaban malami, 50 daga ciki da allura. Daga baya ta ɗaga zuwa 225. A Birtaniya 250 suka ce, 75 da allura. Ɗaga adadin bai zo haka kawai ba. Sachin Wani da abokansa sun bi masu koyo biyar a 2013 suna auna kowane aiki, biyu kaɗai suka haye ma'aunin da aka sa, su ma sai bayan sun wuce gwaji 250. Darasin da ke nan shi ne ƙidaya ita kaɗai ba shaida ba ce. Wani yana iyawa da wuri, wani ya yi ɗari uku yana maimaita kuskure guda, tunda ba wanda ya taɓa dawo masa da sakamako.

Ma'aunin kuma yana nan a rubuce, ba sai mun ƙirƙiro ba. Ƙungiyoyin Amurka sun sa a 2015 cewa samfur ya zama isasshe a aƙalla kashi 85 cikin 100 na ƙari mai tauri, kamun kansar fankiriyas ya kai kashi 85, kumburin fankiriyas bayan suka ya tsaya ƙasa da kashi 2, zubar jini mai tsanani ƙasa da kashi 1, hujewar hanji ƙasa da rabin kashi ɗaya. Cike wannan ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada. Littafin rajista ne: sunan likita, wurin ƙarin da girmansa, lambar allura, yawan suka, abin da ɗakin gwaji ya ce, da abin da ya faru da mara lafiyar bayan wata shida ko shekara. Layin ƙarshen shi ne mai wuya kuma shi ne mai amfani, domin ba a sanin "babu kansa" ta ƙarya sai an bi mutumin gida. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A ƙasashenmu na'urar ba ta yawaita ba tukuna, kuma ina ganin wannan dama ce a tsara abin tun bai bazu ba. Abin da nake tsoro shi ne al'adar da muka sani: a sayo na'ura, a yanka kyalle, a tura likita kwas na mako biyu, a ce an fara. In jihohi biyar maƙwabta kowace ta sayi tata, kowane likita zai riƙa yin suka biyu ko uku a wata, ba wanda zai kai inda hannu ke faɗawa, wanda ya kai ma zai sauka. Gara cibiya guda a yanki, likitoci biyu da aka tura horo na shekara cikakkiya, likitan ɗakin gwaji da aka horar tare da su, da kuɗin allura a cikin kasafi, tunda allurar sau ɗaya ake amfani da ita a yar, kuma inda babu kasafinta jarabar wankewa a maimaita tana nan. Kwalejojin horar da manyan likitoci na Najeriya da na Afirka ta Yamma, tare da ƙungiyar likitocin ciki da hanta ta SOGHIN, su ne ya kamata su sa sharaɗin wanda zai yi aikin shi kaɗai.

Mutanenmu da yawa kuma a Masar ko Indiya ake yi musu wannan gwaji, su dawo da takarda a hannu. Mai rakiya yana da ikon tambaya, kuma ba rashin kunya ba ne: likita, sau nawa kake yin wannan a shekara, da wace allura za a yi, akwai mai duba samfur a ɗakin, za a aika wani ɓangare gwajin tarin fuka? Idan ƙarin yana jiki ko wutsiya kuma likitan tiyata ya ce zai ciru, a tambaya ko sukar ma dole ce, domin allurar da ta bi ta bangon tumbi tana iya barin ƙwayar kansa a hanyarta, abu ne da ba kasafai yake faruwa ba amma an tabbatar da shi, kuma wannan bangon ba ya cikin abin da tiyatar ke cirewa. Idan ƙarin yana ɓangaren kai ne matsalar ba ta taso ba, tunda farkon hanjin da allura ta bi tare ake cire shi.

Likitan da aka kawo wa takarda a gida shi ma ya karanta ta da kyau. "Samfur bai isa ba" daban ne, "an ga ƙwayoyi marasa tabbas" daban ne, "ba a ga kansa ba" daban ne, kuma babu ɗaya cikinsu da ke rufe magana idan hoton CT yana nuna ƙari, hanyar ruwan madaciya da ta fankiriyas sun faɗaɗa, mutum yana ramewa. A irin wannan hali ana maimaita sukar, ba tare da dogon jira ba, a hannun wanda ya fi na farko yawan aiki, da allura mai yanko nama, da mai dubawa a ɗakin in ya samu. In ƙarin mai ciruwa ne kuma alamun sun yi ƙarfi, likitocin tiyata da na kansa da na hoto su zauna su yanke ko za a wuce tiyata kai tsaye, domin watanni ukun da ake cewa a je a dawo sun isa ƙarin da yake ciruwa a yau ya naɗe jijiyar da za ta hana a taɓa shi.